Likita Ta Nemi Hoto, Yayansa Ya Kira Wanzami

Babu ƙarar zarto a ƙofar gidanmu yanzu. Mai zarton yana kabari.

Mijina ne, Baban Hajjo, kafinta.

Wata rana ya sunkuya zai ɗauki katako, ƙugunsa ya riƙe. Dama ya daɗe da ciwon ƙashi da yawan ƙishirwa, har tsakuwa ya taɓa fitarwa a fitsari.

Muka je asibiti tare da yayansa, Yaya Barau. A gidansu in ya yi magana ta zauna.

Likitar mace ce, ban ma riƙe sunanta ba. Ta duba gwajin jini, ta ce akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu a cikin wuya, ɗaya ta wuce aikinta, tana zuƙe ƙarfin ƙashinsa tana zubawa a jini. Za a yi masa allurar da ke haska ta a hoto, a ga inda ta ɓuya, sannan a tsaga daidai wurin a cire.

Yaya Barau ya miƙe tsaye.

"Ciwo a ƙugu, hoto a wuya? Ke yarinya, wa kika mayar sakarai?"

"Baba, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, yatsa ba ya jin ta. Ni da na karanci aikin ba na sa wuƙa sai na ga inda take."

Ya ja hannun ƙaninsa suka fita. Na bi su ina roƙo, ya ce in rufe masa baki, da danginsa na samu mijina.

Magana ɗaya ya ɗauko daga asibitin: abin a wuya yake.

Ya kira wanzaminsu, wanda ya yi wa 'ya'yan gidan kaciya. Wanzamin ya lalluba wuyan, ya ji wani ƙululu ƙarƙashin haɓa, ya ce ga ta nan. Ya sa aska.

Kaluluwa ce kawai.

Wurin ya kumbura, ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe shi. Da muka koma asibiti, ko yawu ba ya iya haɗiyewa.

A zaman makoki ina jin Yaya Barau ta katanga yana cewa kwana ne ya ƙare.

Na yarda kwana ya ƙare, ni Musulma ce. Amma kai ka riƙe masa kai aka yanka, Barau. Na gama takaba, ban gaishe ka ba, kuma kar ka aiko a ba ni haƙuri.

Darasi: Girman shekaru ba ya gani cikin wuyan mutum. In likita ya ce sai an ɗauki hoto, ku bari a ɗauka, ko da wa zai yi fushi.

Ku tura wa duk gidan da ke da irin Barau.

Ku taya ni da amin: Allah Ya jiƙan Baban Hajjo, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya mini Hajjo da ƙannenta.