Madubin Inna a Ƙarƙashin Jar Mota

Baba Mai Faci ya tsufa a bakin titi, a rumfar kwano da ke tsakanin shagon mai walda da famfon unguwa. Tun yana saurayi yake ɗaga motoci, yawanci bas-bas da akori-kura, masu ƙarfe ko'ina a ƙarƙashinsu. Irin waɗannan ba sa buƙatar leƙe. Da ƙafa yake tura jak, ya ji ya daki ƙarfe, ya hau bugawa. Da wannan aikin ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya.

Sai gwiwoyi suka ƙi. Sallah ma a kan kujera yake yi. Nan fa babban ɗansa ya tsiro da maganar a rufe rumfa, Baba ya zauna a gida ya huta. Hutu! Mutumin da ko ranar da babu ciniki sai ya zo ya share rumfarsa, shi za a jingine a zaure kamar tsohon keke? Ɗan ba mugu ba ne, tsoro yake ji, amma tausayin da ba a tambayi mai shi ba, ai cin fuska ne.

"Baba, wata rana mota za ta faɗo maka," in ji shi. "Ba ka iya durƙusawa ka duba."

"To na ji. Ranar da aka kawo motar da na kasa ɗagawa lafiya, da hannuna zan ba ka makulli."

Ranar ta zo da hantsi, ɗan yana wurin. Wata jar motar tsere mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa, ta lallaɓo, tayar gaba ba iska. Mai ita wata matashiya ce, ta gai da Baba da ladabi.

Jak ya ƙi shiga, motar ta yi ƙasa da yawa. Wannan bai dame shi ba. Ya shimfiɗa katako, ya sa matashiyar ta hau kai da motar a hankali, ta ja birkin hannu, ya tokare tayar baya da dutse. Sai hannu da ƙafa suka koma ga abin da suka saba. Ya tura jak ta gefe, ya ji ya taɓa abu, ya danna sau ɗaya.

Ƙiiis.

Ya saki sandar jak ɗin. Ƙarfe ba ya irin wannan kukan. Roba ce, ƙawar da aka yi wa gefen motar, da ya ƙara dannawa da ta dare. A irin wannan mota, inda aka tanada don jak ɗan wuri ne a can ciki, sai an kwanta an gani. Shi kuwa in ya kwanta, sai an taru an ɗaga shi. Ya tsaya, gumi na bin wuyansa. Ɗan ya sunkuyar da kai. Baba ya ji nauyin makullin a aljihunsa.

Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta kawo masa ruwa ke nan, ta ga komai.

"Malam, ka tsaya kamar an kafa ka. Me ka rasa?"

"Ido na rasa a ƙasa."

"Ido kawai? Jira ni."

Gidansu a bayan rumfa yake. Ta dawo da madubin da take saka kwalli da shi, mai tsagewa a kusurwa, ta ɗaure shi da igiyar roba a bakin wata sanda.

"Ungo. In ka fasa mini, kai da abincin rana sai gani daga nesa."

Baba ya zauna a kan benci, ya zura madubin a ƙarƙashi. Duhu. Mai motar ta tsuguna ta haska masa da wayarta.

"Baba, an taɓa ce mini akwai alama kusa da taya, ban dai taɓa dubawa ba."

"Matso da hasken, 'yata. Baya kaɗan. Yauwa!"

Ga shi nan a madubi, bayan tayar gaba: haɗin ƙarfe mai kauri, da 'yan yanka biyu a jikinsa. Tsakaninsu ne wurin. Ya yanko guntun tsohuwar taya ya ɗora a kan jak don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, ya daidaita yana kallon madubi, ya danna a hankali yana saurare. Shiru. Motar ta tashi sumul. Ya tura gungumen katako kusa da jak ɗin saboda tsaro, sannan ya kwance taya.

Da aka gama, motar ta tafi, ɗan ya ɗauki sandar madubin yana jujjuya ta.

"Igiyar nan ba za ta daɗe ba," ya ce. "Bari in kai wa mai walda ya yi mata mariƙi na ƙarfe, da wurin saka tocila."

"Kai, yaron nan!" in ji Inna. "Madubin nawa za a yi wa walda? To da me zan saka kwalli?"

"Ki zo rumfa ki saka," in ji Baba. "Kullum a buɗe take."