Kiɗan da Babu a Waya

Babanmu ba ya kallon kokawar Turawa. Haka dai yake cewa. Amma duk ranar da muka kunna resilin a gidanmu na Kwarbai, sai hasken zaure ya daina isarsa, ya jawo buzunsa da babbar rigar da yake yi wa aiki ya zauna a bakin ƙofar falo. "Ƙarya ce zalla," in ji shi, allura a hannu, ido a talabijin. Idan wani ƙato ya fito ana yi masa kiɗa, sai mu ji Baba yana wani ɗan amo a hanci, kafaɗarsa tana motsi. Da mun waiwayo sai ya gyara murya ya kama salati.

Amon nan ya zauna mini a ka har na girma. Da shi nake wanke-wanke, da shi na yi renon 'ya'yana, kuma a sanina kiɗan shigowar ɗaya daga cikin ƙattan nan ne.

Bara waccan hawan jini ya kayar da Baba, ɓarinsa na hagu ya yi nauyi. Likita ya ce ƙafar za ta ɗauke shi in zai riƙa gwada tsayuwa, in kuwa ya ci gaba da kwanciya, shi ke nan. Baba ya juya fuskarsa bango. Mun yi lallashi, mun yi faɗa. Yayana ya sayo sanda mai ƙafa huɗu, ta ƙare a wurin rataye tawul. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ina kallon mutumin yana ƙarewa a kan katifa.

Sai na ce bari in nemo masa kiɗan nan, ko zuciyarsa ta motsa. Na rera wa wayata ta nemo, ta kawo mini waƙar Indiya. Na tafi Ƙofar Kuyambana wajen masu tura waƙoƙi a waya, ni da hijabina har ƙasa, uwar 'ya'ya, na tsaya gaban samari ina "hm-hm-hmm". Allah ya sani sun yi ƙoƙari. Suka danne dariya, suka kunna mini kiɗan kowane ƙato, mai gemu da mai gashi har baya, amma babu nawa a ciki. Na kawo gida na kunna wa Baba duk da haka. Ya ce in rage ƙara, lazimi yake yi.

Wata Juma'a ƙanwarsa, Gwaggo, ta zo dubiya daga ƙauyensu. Ina tankaɗe a tsakar gida, ina amon nawa ban ma sani ba, sai ta dire kofin kunu.

"Ke, ina kika samo taken ubanki?"

"Wane take, Gwaggo? Na Turawa ne."

"Turawan gidanku! Kiɗan da ake yi wa Yaya ke nan in zai shiga filin kokawa da kaka. Kowane ɗan kokawa da nasa. Da ya zo birni yana neman auren uwarki, 'yar malaman Limancin Kona, ne ya ce duk wanda ya tada zancen, ba shi ba shi."

Innarmu tana bakin murhu ta ce ita ta sani tun kafin a ɗaura aure, barinsa kawai ta yi da sirrinsa.

Gwaggo ta kife ƙwarya a ƙofar ɗakinsa ta kama bugu da ludayi. Can sai muka ji muryarsa, harshen a karye:

"Kin yi sauri. Ba haka ake yi ba."

Ta sassauta hannu. "Yaya, tunda nake ban taɓa ganin an buga maka shi kana kwance ba."

Muka ji motsi, muka ji ƙarar ƙarfe a kan siminti. Na yunƙura zan shiga, Inna ta riƙe mini zane. An jima sosai kafin labule ya ɗaga. Ga Baba tsaye, ya dafa sandar da tawul ɗinta, gumi ya jiƙe shi, kafaɗar dama kuma tana bin ƙwarya. Ni kuka nake yi, hannuna duk gari.

Ya dube ni ya ce, "Ke kuma tun kina yarinya kike ɓata shi. Matso in koya miki."