Takardar da Na Liƙa a Bango

Shekara goma sha biyu ina riƙe da makullan kamfanin takin Alhaji a Birnin Kudu. Lambar sirrin kwamfuta ma ni na rubuta ta, na liƙa a bango don kada kowa ya manta. Sai Alhaji ya ɗauko wani mutumin Gwaram ya tsare mu daga masu kutse. Ranar farko ya yage takardata, Alhaji yana ta cewa, “Madalla, Malam!” Ni ban taɓa samun madallar nan ba.

Na yi ta fatan ya yi kuskure. Sai ga shi ni na buɗe saƙon 'yan damfara, kwamfutar ta kulle. Ya gyara, bai gaya wa Alhaji ba. Wannan rufin asirin ne har yau na kasa yafe masa.