Baƙin Allon da Yaya Ya Bari a Buɗe

Kwamfutar ta shigo ɗakinmu ne tare da katifa da akwatin tufafi. Kayan yayan mijina ne. A unguwar Barnawa yake zaune, aikinsa rubuta wa kwamfuta umarni, abin da suke ce wa firogiram. Ba a daɗe da komawar soja bariki ba gari ya rikice. Ran nan ya haye gada da safe zai tafi ofis, bai dawo ba. Ba mu sami abin binnewa ba. Kaya kawai muka kwaso zuwa Narayi.

Lokacin ina goyon 'yarmu ta fari, masaƙar da mijina yake aiki kuma ta sallame su. Sai ya ce zai koyi aikin Yaya. Ya shiga wata 'yar makarantar kwamfuta a bayan kasuwa. Malamin ɗan Filato ne mai yawan dariya, ya ce akwai ofishin da zai ɗauki mutum bayan Kirsimeti, in ya iya rubuta ƙananan firogiram. A kan wannan aikin muka ɗora ranmu. Ni firamare na tsaya, ban san kan abin ba. Amma ɗaki ɗaya ne, duk inda na juya sai na gani.

Abin da na gane shi ne, wurin rubutun iri biyu ne. Akwai mai farin allo, ka danna harafi ya fito, kamar tafireta. Akwai kuma na Yaya, baƙi ƙirin. A cikinsa in ka danna harafi ba fitowa yake ba, umarni ka ba shi. Wani harafin ya kai ka ƙasa, wani ya cinye layi sukutum. Kafin ka yi rubutu sai ka nemi izini, in ka gama ka danna wani maɓalli can a kusurwar hagu ta sama. Fita kuwa sai wanda ya sani. Da farko mijina waya yake zarewa daga bango in ya gaji.

Ina goge ƙura na lura da maɓallin kusurwar nan. Rubutun kansa ya goge, ya yi santsi, har ya ɗan loɓa. Yatsan Yaya ne ya cinye shi. Na tuna yadda yake zuwa cin tuwo gidanmu ran Lahadi, ɗan yatsansa na hagu yana ta bugun gefen tire, tak, tak, muna yi masa dariya. Daga ranar na daina goge wurin.

Wata rana da la'asar ina tsince wake, mijina ya kira ni.

"Maman Bebi, zo ki gani."

Ya buɗe aikin da Yaya yake yi na ƙarshe. Wani dogon Turanci ya cika allon.

"Me ya ce?"

Ya ce, "Wai mai yiwuwa akwai wani da yake aiki a kan rubutun nan yanzu haka."

Na ce, "Wane wani? Mu kaɗai ne a ɗakin nan."

Ya danna wani abu, rubutun Yaya ya fito. A ƙasa akwai layin da bai ƙarasa ba, wani ɗan farin abu yana ƙiftawa a ƙarshensa, kamar mai jiran a ci gaba da magana.

Tun daga nan kullum sai ya buɗe, kullum sai injin ya faɗi maganar nan. Darasin da aka ba shi yana gefe, shi yana zaune gaban rabin layin Yaya. Ya rame. In na kira shi sai na maimaita. Har zamansa ya koma irin na Yaya, kafaɗa ɗaya a sama. Ni kuwa in zai fita sai in rufe allon da zane, kada ya kalli yarinyata. Na kira matan zumunta na cocinmu suka zo suka ɗora hannu a kan injin, aka yi addu'a, aka yi waƙa. Washegari ya sake faɗin maganarsa.

Da na rasa yadda zan yi, na goya Bebi na je wurin malamin. Ya biyo ni gida, ya duba, ya fashe da dariya. Da ya ga fuskokinmu sai ya haɗiye ta.

"Madam, ba fatalwa ba ce. Mai injin bai rufe aikinsa ba, ƙila wuta aka ɗauke kafin ya fita. Shi ne injin ya ajiye ragowar, yana zaton mutumin zai dawo."

Ya ga kamar ya kwantar mini da hankali. Ni kuwa maganar ta fi ta farko nauyi.

Ya nuna wa mijina yadda ake share ragowar, da harafin da ke dawo da abin da aka goge bisa kuskure, da yadda ake fita. Sannan ya ce, "Oga, wa ya aike ka? Wannan baƙin allon tirela ce, kai ko keke ba ka gama koya ba. Yana da ƙarfi, ban musa ba, wanda ya iya shi hannunsa ba ya barin maɓallan kibod. Amma kana kokawa da firogiram, kana kokawa da wurin rubuta shi. Fara da farin, ka sami aikin tukuna."

Mijina ya ce, "Da wannan Yaya ya yi."

"Shi ma ai ba da shi ya fara ba."

Mijina bai share komai ba. Kirsimeti tana matsowa, ni ina kallon aikin nan yana sulalewa, ina kallon mijina yana bin ɗan'uwansa wani wurin da ba zan iya zuwa in dawo da shi ba.

Wata safiya ya buɗe rubutun, ya fita ɗibar ruwa a rijiya. Ina wanke kwanuka a bakin ƙofa. Bebi ta fara miƙewa lokacin, ta dafa kujera ta kai hannu kan kibod, ta yi ta bugu da tafinta biyu tana dariya. Kafin in ɗauke ta, ƙasan allon ya zama wayam. Rabin layin ya tafi, da waɗanda ke samansa.

Ya shigo da bokiti, ya gani, ya ajiye bokitin a hankali. Na ƙanƙame yarinyar. Na ce, "Baban Bebi, ai malam ya nuna maka. Harafi ɗaya ne, zai dawo."

Ya zauna. Ya ɗora yatsa a kan harafin. Ina jin ruwan bokiti yana ɗiga a siminti. Bebi ta miƙa masa hannu, tana so ya ɗauke ta.

Bai danna ba. Ya kai yatsa kusurwar hagu, kan loɓar da Yaya ya bari, ya danna wannan. Ya buga 'yan haruffan fita, ya share ragowar yadda malam ya nuna. Ya sake buɗewa. Injin bai ce komai ba. Sai ya karɓi yarinyar, ya kifa fuska a bayanta, ya yi kukan da bai yi ba tun ran da aka daina neman Yaya.

Da farin allo ya ƙarasa karatun, kuma ofishin nan ya ɗauke shi aiki. Baƙin ya koya daga baya, da kansa, a hankali, yanzu ma da shi yake aiki. In maƙwabta suka tambaye ni da wanne ɗansu zai fara, ina ce musu da mai sauƙin, wanda yaro zai iya fita in ya gaji.

Sai dai wani lokaci muna cin tuwo ran Lahadi, in ji tak, tak a gefen tire. Ɗan yatsan mijina ne na hagu. Shi bai san yana yi ba, ni kuma ban taɓa faɗa masa ba. Nakan dai ɗaga kai in duba ƙofa.