Gwajin Kunnen Malam Ari

Ranakun aiki da yawa sun shuɗe mini kamar ban yi su ba, amma har gobe ban manta ranar da na zaunar da Malam Ari a kan benci ina shirya shi zuwa gwajin kunne a Kano ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara, domin ban taɓa ba da labarin nan har ƙarshensa ba.

A tsakiyar shekarun 1980 ne, muna cikin jihar Borno tukuna. Ina ƙaramin nas a Nguru, aka ba ni ɗakin masu tarin fuka. A wancan zamani mai wannan ciwo yakan sha ƙwayoyi, kuma a yi masa allura kullum har wata biyu ko fiye. Allurar tana kashe ciwon, amma tana da mugun hali guda: takan taɓa can cikin kunne, inda ji yake, inda kuma abin da ke riƙe mutum a tsaye yake. Dokar aiki a fili take. Da zarar majiyyaci ya ce yana jin ƙara a kunne ko jiri, a dakatar da allura, a gaya wa likita. Likitanmu kuwa daga Gashuwa yake zuwa, sau ɗaya a mako biyu.

Malam Ari masunci ne, mutumin Bade, daga wani ƙauye a bakin tafki. Ya haura hamsin, ciwo ya ramar da shi, amma bai taɓa fashin allura ba. Wata safiya layi ya kai har waje, ya zo kansa, sai ya tsaya bai juya in yi masa allura ba.

Ya ce, "Likita, kunnena yana kuka, kamar gyare ya shiga ciki." Haka suke kiran kowane ɗayanmu, likita.

Na ce, "Magani ne ke aiki, Baba. Juya."

Ya juya. Ban rubuta a katinsa ba. Na ce a raina idan likita ya zo zan faɗa, likita ya zo ya tafi, na manta. Shi kuma bai sake magana ba, tunda an ce masa magani ne ke aiki. Mako uku na ƙara ina yi masa allurar nan da hannuna.

Ranar da matarsa Ya Gana ta shigo da shi tana riƙe da kafaɗarsa, yana tafiya kamar mai taka laka, ta dace da zuwan likita. Ya tsayar da shi, ya sa ya haɗa ƙafafu ya rufe ido. Ko ƙirga uku ba a yi ba ya tafi luu, muka tare shi. Likita ya juyo gare ni.

"Bai taɓa kawo kukan komai ba?"

Na dubi katin, na ce, "Ranka ya daɗe, ba a rubuta ba."

Ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Ya dakatar da allurar, ya rubuta takardar tura shi babban asibiti a Kano, a gwada jinsa da tsayuwarsa. Da amsa ta zo da ranar da aka ba shi, sai likita ya ce mini, "Kai ka san shi. Ka shirya shi."

Shiri ba wani abu ne mai wuya ba. Na leƙa kunnuwan da fitila, na tabbatar dodon kunne bai huje ba, na wanke dattin da ke ciki. Sannan na zauna ta hagunsa, domin ta nan yake ɗan ji, ina ɗaga murya, Ya Gana tana maimaita masa da Badanci. Na ce kwana biyu kafin ranar ya daina shan ƙwayar jiri da muka ba shi. Ban da goro, ban da taba. Ranar gwaji ya sha koko kaɗan kawai. Kada ya tafi shi kaɗai.

Ya ce, "Goron ma?"

Na ce, "Har goron."

Ya yi dariya, ya ciro wanda ke aljihunsa ya miƙa mini. "To, ci, kada ya lalace."

Na bayyana masa gwajin. Za a sa shi a ɗaki shiru, a ɗora masa abin saurare a kai, duk lokacin da ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Bayan nan a kwantar da shi, a zuba masa ruwa mai ɗumi da mai sanyi a kunne, ana kallon idanunsa. Na ce, "Baba, ɗaki zai juya maka, wataƙila har ka yi amai. Kada ka tsorata, zai wuce." Abin da ban gaya masa ba shi ne, jirin nan shi ake nema. Kunne mai rai ne ke sa mutum jiri idan ruwa ya shige shi.

Ya tambaye ni abu ɗaya tak: "In na dawo, zan hau jirgi? Ruwa ya kusa ja, lokacin kifi ne."

Na san gwaji ba magani ba ne. Na san abin da allurar nan ta ci ba ta mayarwa. Na ce, "Sai abin da Allah ya yi."

Ya ce, "Haka ne." Suka bi jirgin ƙasa.

Bayan kwana shida suka dawo. Tun daga ƙofa yake murmushi, yana dafa bango, takarda a hannu. Yana magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Likita, na ci! Sun zuba mai ɗumi, sun zuba mai sanyi, har suka kawo mai ƙanƙara. Ko gezau! Na gabana sai da ya yi amai, ni kuwa ko jiri ban ji ba. Masu gwajin ma sai kallon juna suke yi."

Na buɗe takardar. Layi kaɗan ne. Kunnuwa biyu babu amsa, ji ya ragu ƙwarai, ba a sa ran dawowa. Kada ya shiga ruwa, kada ya hau bisa, kada ya yi tafiya a duhu shi kaɗai. Ya Gana ba ta iya karatu ba, amma ta karanta fuskata. Ta ja mayafi ta rufe baki.

Sai da na faɗa masa sau uku. Na farko bai ji ba, na biyu bai gane ba. A na uku, ina ihu a kunnensa gaban mutane cewa shi da jirgi har abada, sai ya gane. Sannan ya ce, "To, tarin dai ya tafi. Allah ya saka maka da alheri, ka yi ƙoƙari a kaina."

An ce ya gwada shiga jirgi sau ɗaya, aka tsamo shi da kyar. Daga nan ya koma gyaran komar kamun kifi a gindin bishiya, yana kallon 'yan'uwansa suna tafiya suna dawowa. Na yi niyyar zuwa ƙauyen in gaya masa gaskiya in nemi gafara. Na ɗaga zuwa bayan damina, na sake ɗagawa, sai aka mayar da ni Gashuwa. A can labarin rasuwarsa ya same ni.

Babu wanda ya tuhume ni. Na yi girma a aiki, na yi ritaya da takardar yabo. Abin da na koya shi ne, mutanenmu sau ɗaya suke faɗin abin da ke damunsu, a hankali, cikin jin kunya, kuma idan mai farin kaya ya ce ba komai, sun yarda ke nan. Don haka idan majiyyaci ya tsaya bai juya ba, ku ajiye allurar ku saurare shi. Layi zai jira. Wanda kuka cuta ba zai kai ku ƙara ko'ina ba, addu'a zai yi muku, ku kuma ku ɗauke ta har kabari.