Hawan Jinin da Ba Ya Fitowa a Damtse

Tsani ake ce masa, domin tun yana saurayi ba a ganinsa sai da tsani a kafaɗa da bokitin fenti a hannu. Mai fenti ne, irin waɗanda idan suka shafe bango sai ka ji kunyar jingina. Ga shi da surutu: yana can sama dab da rufi, amma hirar da ake yi a ƙasa da bakinsa a ciki.

Surutun ne ya fara raguwa. Sai ya hau rabin tsani ya tsaya, wai yana duba launi, alhali numfashi yake nema. Da yamma takalmi ya matse shi, don ƙafafun sun kumbura. Ranar da jiri ya ɗebe shi har burushi ya suɓuce masa, matarsa ta ce ta gaji da jin "ba komai", ta tisa shi gaba sai asibiti.

Aka ɗauki hoto, aka goga masa na'ura a ƙirji, likita ta ce hawan jini ne na huhu, ta rubuta masa magani. Gogan naka kuwa "hawan jini" kawai ya ɗauko ya kawo gida, ya baro "huhu" a can.

To, yana da yaya mace wadda ta daɗe tana fama da hawan jini, har tana ganin kanta rabin likita. Ta iso da na'urar awonta, ta ɗaure masa damtse, ta ƙura wa lambobin ido.

"Jininka ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba," in ji ta. "Ƙiwuya ce kawai, auta. Tashi ka koma bakin aikinka."

Maganar ta yi masa zafi, ta kuma yi masa daɗi, don abin da yake son ji ke nan. Ya ajiye magani ya saɓi tsani. Ba a jima ba aka tsince shi zaune kan bokiti a gidan da yake aiki, leɓɓansa sun yi duhu, ko sallama ya kasa amsawa.

Wannan karon har da Yaya aka koma, na'ura a jaka, ta shirya yin musu. Likita ta bar ta ta gama tsaf.

"Mama, na'urarki ba ta yi ƙarya ba, amma hannu take aunawa. Nasa a hanyoyin jinin huhu yake. Sun tsuke, sai zuciya ta yi ta turawa da ƙarfi har ta gaji." Ta dube shi. "Malam, idan bakin injinka na feshin fenti ya toshe, wa ke shan wahala?"

"Injin," ya ce a hankali. "Ya yi ta gurnani har ya ƙone."

Ta gaya masa gaskiya: ciwon ba ya warkewa gaba ɗaya, amma ana zama da shi. Magani ba fashi, gishiri kaɗan, tattaki a hankali, a riƙa zuwa ana dubawa. Warin fenti a rufaffen ɗaki kuma a yi ban kwana da shi, haka ma hawa sama. Kunya ta rufe Yaya.

Tsani ya yi baƙin ciki ƙwarai. Bai iya wata sana'a ba, sunan ma na tsanin ne. Kumburi ya saɓe, numfashi ya ɗan daidaita, amma yakan wuni a ƙofar gida yana kallon tsaninsa jingine da katanga.

Wata safiya sai ga Yaya ta sa an turo ganguna biyu ƙarƙashin bishiya. Ita da matarsa suka kama tsanin suka kwantar a kai, ta ɗora tsohuwar ƙofar ɗakinta bisa matakan.

"Shafe mini ita shuɗiya. A zaune, nan inda iska ke kaɗawa. In ka gaji ka huta, ba mai ce maka komai."

"Har ke, Yaya?"

"Ni ce ta farko."

Daga ƙofa aka koma tagogi, kujeru da allunan shaguna, don hannun nan bai manta komai ba. Surutu ma ya dawo, sai dai yanzu da hutu a tsakani. Kwanaki wani baƙo ya tsaya yana tambayar ina ne wurin Tsani. Yaya ta nuna masa da haɓa.

"Ga su nan su biyu. Ɗaya a kwance, ɗaya a zaune, kuma kowa aiki yake yi."