Kala Ɗaya ta Kawu Ummaru

Duk wanda ya taɓa kai hoto shagon Kawu Ummaru a Jega ya san dokarsa: hoto ɗaya, kala ɗaya. Ni na koya masa kwamfuta da tsufansa, na nuna masa yadda ake zagaye abu a tsohon hoto baƙi da fari a zuba masa launi. Na yi nadama kuwa, don tun daga ranar abu guda yake zaɓa ya rina, sauran ko oho.

Wani manomin Danwarai ya kawo hotonsa tsaye gaban tulin albasa. Kawu ya mai da albasar ja zur, ya bar mutumin kamar toka. Da ya yi ƙorafi, Kawu ya ce, "Kai aka gaidawa kasuwar Aliero, ko albasar?" Mutumin ya ce a ƙara masa kwafi ɗaya.

Wani makiyayin Andarai kuma ya roƙi a rina masa riga. Kawu ya rina saniyar da ke gefensa a hoton, wai ita ta yi wanka ranar.

Inda dokar ta so ta ci shi, gida ne. Inna Kulu, matarsa, ta fiddo hoton da ya ɗauke ta tana amarya, zaune cikin kwanukan jere, ta ce zanen nan za a rina mata. Ya tambaye ta wace kala ce. Ashe ya manta! Inna ta kife tukunya, ta ce wanda bai tuna zanen amarcinta ba, ya tafi kwamfuta ta tuƙa masa tuwo.

Kawu ya koma cin ƙosan bakin titi, ya rame, amma bai sauko ba. Na ba shi shawara mu rina hoton duka kala-kala, ko ina ne za mu dace. Ya harare ni, ya ce ba ya cinta, ba ya canki-canki a hoton matarsa.

Ran nan ya kore ni daga kujera, ya faɗaɗa hoton har hannunta ya cika gilashi, ya bi yatsun a hankali yana zuba jan lalle. Ya kai mata da kansa.

"Zane ban tuna shi ba, Kulu," ya ce. "Hannun ga nika kallo."

Inna ta daɗe tana duba hoton. Sai ta tashi ta hura wuta. Kawu ya shigo shago yana tafiyar sarakai, bakinsa duk miyar kuka.

Bayan rasuwarsa na kai mata hotonsa yana dariya, na ce mu rina shi gaba ɗaya. Ta ce kul, kala ɗaya, a sa masa jan goronsa a haƙora. Shi ne rataye a ɗakinta, kusa da nata.

Allah ya jiƙan Kawu Ummaru, ya haskaka makwancinsa, ya ba Inna haƙurin rashinsa.